Abin da Ke Bayan Rediyon Manaja

Jama'a, yau ba doguwar gaisuwa, ku gyara zama kawai.

Ga wanda yau ne ya fara karanta ni: shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da lissafi a makarantar firamare, kuma ni 'yar mai gyaran rediyo ce. A shagon Baba na tashi, cikin ƙaurin dalma da tarkacen lasifika. Tun ina aji uku nake riƙe masa tocila, shi ya sa har gobe Injiniya yake ce mini. Yanzu idonsa ya yi rauni, ya rufe shagon, yana zaune a gida. Yayana shi ma a wurin Baba ya koyi aiki, daga baya ya koma wayarin mota, yana da garejinsa. Sai Umma, sai Autarmu mai shekara goma sha tara.

Sai kuma Manaja.

Haka kowa ke kiransa, saboda shi ne manajan wani kamfanin kayan gini. Yaya ne ke yi wa motocin kamfanin wayarin, ta nan ya gan ni wata rana na kai wa Yaya saƙo. Wata biyar ke nan yana zuwa gidanmu. Dogo ne, kullum cikin fararen kaya masu kari kamar wuƙa, agogonsa na ƙyalli, turarensa kuwa yana riga shi shigowa. Ba ya ɗaga murya. In zai gai da Umma har ƙasa yake durƙusawa. Ni dai zuciyata ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce i ba. In na ce a ba ni lokaci, sai Umma ta ajiye abin da ke hannunta.

"Lokacin me kuma? Ƙawayenki masu 'ya'ya uku ba su fi ki komai ba."

Yaya ya karɓe, "Rabu da ita, Umma. Boko ne ke ɗawainiya da ita. Irin mutumin nan sau ɗaya yake ƙwanƙwasa ƙofa."

Baba kuwa sai dai ya murɗa ƙaramin rediyonsa ya kara a kunne.

Farkon watan nan Manaja ya zo da yamma ya ce zai yi tafiyar aiki ta sati uku. Ya zaro makulli daga aljihu ya ɗora a hannun kujera.

"Ga ƙaramar motar nan, ki riƙa zuwa makaranta da ita. Ba na son kina tsayuwa a titi."

Na buɗe baki zan ce na gode amma a bar shi, Umma ta zabga mini harara daga bakin labule. Na haɗiye maganata. Ba zan yi muku ƙarya ba, da na leƙa na ga motar, ruwan toka, tas da ita, gilasanta masu duhu, sai da na ji wani sanyi a raina. Wa ke ƙin hutu?

Kwana uku da tafiyarsa saƙo ya shigo.

"Me ya kai ki asibiti? Lafiya dai?"

Wata malama ce a makarantarmu ta haihu, na biya na duba ta. Ban faɗa wa kowa ba. Na tambaye shi wa ya gaya masa, ya turo hoton fuska mai dariya, ya ce, "Mai sonki ba ya rasa labarinki." Na yi murmushi a lokacin, wallahi, har na ji wai ana ji da ni.

Bayan kwana biyu: "Kin daɗe a bakin kasuwa yau." Washegari: "Wannan hanyar da kike bi ba ta da kyau, ki riƙa bin ta sama." Murmushin ya fara ƙarewa. Na fara kallon mutane ɗaya-ɗaya. Maigadin makaranta, mai shagon kan layinmu, har maƙwabciyarmu da ke yawan shanya a waje. Wa yake ba shi rahoto?

Wanda ya tsaya mini a wuya ya zo ranar Litinin. Ran Lahadi na ɗauki wata ƙawata a motar, Auta na zaune a baya tana danna waya. Cikin hira na ce, "Ni fa turarensa ne ke sa ni ciwon kai, kunyar faɗa masa nake yi." Muka yi dariya, aka wuce wurin. Litinin da safe ina rubutu a allo, waya ta yi ƙara a jaka.

"Na canza turare. Ba zan so abin da zai sa miki ciwon kai ba."

Allin ya faɗi daga hannuna. Ƙawata ba ta taɓa ganinsa ba, ko lambarsa ba ta da ita. Saura wa?

Ina shiga gida na tarar da Auta a ɗakinmu tana guga. Na turo ƙofa na rufe.

"Me yake ba ki?"

"Wa?"

"Kar ki raina mini hankali. Katin waya yake turo miki, ko turare? Munafuka kawai!"

Ta ajiye dutsen gugar a kan mayafina har sai da ya fara ƙauri. "Anti, ni? Wallahi tallahi ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu a waya ba. Ga ta, duba." Ta miƙo mini wayar. Na ce ai ana gogewa. Ta fashe da kuka, ta kwashi filonta ta koma ɗakin Umma. Kwana biyar ba ta kalli inda nake ba.

Ran Laraba, a hanyar dawowa, na faɗa wani rami da ban gani ba. Motar ta yi tsalle, rediyon da ke karanta labarai ya ɗauke ɗif. Na danna, na murɗa, na ɗan doke shi da tafin hannu. Ko hasken fuskarsa babu. Na tura wa Manaja saƙo don kar ya dawo ya ce na lalata masa kaya.

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya kira.

"Kar ki kai wa kowa. Kin ji? Kar kowa ya taɓa sai Yayanki."

"Rediyo ne fa kawai."

"Na dai faɗa miki."

Ban taɓa jin muryarsa da kaifi haka ba. Da yamma na yi wa Yaya magana, yana cin abinci, ya ɗago da sauri. "Bar ta, aiki ya yi mini yawa, ran Litinin ki kawo gareji. Kar ki ce za ki yi wannan karambanin naki."

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, daga washegari saƙonnin Manaja suka canza. Mutumin da ya san ko ina na taka ya koma tambaya. "Kina ina?" da safe. "Kina ina yanzu?" da rana. Ran Juma'a sau shida na ƙirga. A raina na ce, to, me ya sami ɗan rahoton naka, ko shi ma ramin ya faɗa?

Asabar da hantsi Yaya ya fita, Umma ta tafi duba ƙanwarta. Na ɗaura tsohon zane a kan doguwar rigata, na tamke ɗankwali, na jawo akwatin kayan aikin Baba daga ƙarƙashin gadonsa. Ƙarar ƙarfen kawai ya ji ya ɗago.

"Injiniya, wa za a yi wa tiyata?"

"Rediyon motar nan, Baba. Ya mutu murus."

Fuskarsa ta washe kamar an ce masa ya buɗe shago. Ya sa na kai masa kujera gefen motar, a inuwar katanga, ya zauna ya ɗora hannu a kan sandarsa.

"Faɗa mini. Yana kawo haske ba ya magana, ko duka babu?"

"Duka babu."

"To ba lasifika ba ce, ba eriya ba ce. Wuta ce ba ta zuwa. Daga ina ake farawa?"

"Fiyus."

"Allah ya yi miki albarka. Mai gaggawa ne ke fara kwance rediyo."

Na durƙusa a ƙasan sitiyari na ɓalle murfin akwatin fiyus. A bayan murfin akwai zanen da ke nuna na kowane abu. Na zaro na rediyo da bakin filaya, ɗan ja, na ɗaga shi a rana. Siririn ƙarfen da ke cikinsa ya tsinke, gefen ya yi baƙi.

"Ya ƙone, Baba."

"Sa wani mai lamba irin tasa. Kar ki sa wanda ya fi shi, motar mutane za ki ƙona."

Na laluba gwangwanin da yake tara su na samo mai lamba goma. Ina turawa na ji "tas". Na zaro, shi ma ya tafi.

Baba ya gyaɗa kai. "Na ji. Fiyus ba ya mutuwa haka kawai sau biyu. Akwai wayar da ke taɓa ƙarfe. Yanzu kam kwance shi. Cire kan batir tukuna."

Na buɗe gaban motar na sassauta kan batir. Na dawo na naɗe bakin sukudireba da tsumma don kar na karce robar, na bi gefen rediyon a hankali har murfin ya ɓallo. Noti huɗu. Na zuba su a murfin gwangwani, na jawo rediyon waje, na haska bayansa da tocilar waya.

"Me kika gani?"

"Ja tana nan lafiya. Baƙar da ke ɗaure a jikin ƙarfe ma ba ta motsa ba. Rawaya ce…"

Na ƙara matso da tocilar.

"Rawaya ce me? Ita ce mai wuta ko an kashe mota."

"An feƙe ta, Baba. An murɗa wata siririyar waya a jikinta. Salatif ɗin da aka naɗa ya saki, tagullar tana kwance a kan ƙarfen da ke riƙe rediyon."

Ga ciwon na samo, ramin nan ne ya girgiza ta ta taɓa ƙarfen. Amma ban ji daɗin da mai gyara ke ji ba. Wannan siririyar wayar ba ta kamfani ba ce, sabuwa ce fil, ko ƙura babu. Na bi ta da yatsa, na cusa hannu har gwiwa, na taɓo wani abu an ɗaure shi can ciki. Na yanke ɗaurin na jawo shi. Ɗan baƙin akwati ne, bai fi kwalin ashana ba. A gefensa akwai ƙofar sim. Wata wayar kuma ta fita daga cikinsa ta haura ta bayan sitiyari, a ƙarshenta wani ɗan kai kamar ƙwayar wake, an manne shi yana kallon kujerar direba.

Makirfo.

Jama'a, kun taɓa jin kamar an yaye muku zane a tsakiyar kasuwa? Duk abin da na yi a motar nan ya dawo mini. Waƙar da nake bi da muguwar muryata. Kukan da na yi ranar da muka yi faɗa da Auta. Addu'ar da nake yi a fili in na tsaya a danja, ina roƙon Allah ya nuna mini ko mutumin nan alheri ne.

Na ɗora abin a tafin Baba na faɗa masa. Ya juya shi, ya shafa, ya sa na kai hannunsa har kan murɗin wayar. Ya daɗe yatsunsa na wurin.

"Irin wanda ake sa wa mota don ɓarayi ne," in ji shi a hankali. "Amma na ɓarayi ba ya buƙatar kunne."

"Baba, ya zan yi?"

"Gyara za ki ƙarasa. Ba a barin aiki a buɗe. In kina son ki tabbatar, mayar da shi yadda yake. Amma daga kin sa fiyus, bakinki alaikum."

Na naɗe rawayar da sabon salatif sau uku, na janye ta daga ƙarfen, na mayar da akwatin mazauninsa. Na ɗaure kan batir, na sa fiyus na uku. Bai yi ƙara ba. Na murɗa makulli, fuskar rediyon ta kawo shuɗin haske, wata mata ta cika motar da tallan sabulu. Can ciki kuma wani ɗan koren haske ya fara ƙiftawa.

Minti bakwai, ina kallon agogo. Waya ta yi ƙara, saƙon Manaja ne.

"Ashe kina gida. Ya hutu, ranki ya daɗe?"

Na kulle motar na shiga ciki. Auta na wanke-wanke a bayan kicin. Na tsuguna kusa da ita na ɗauki soso.

"Auta, na zalunce ki. Ki yafe mini."

Ba ta kalle ni ba. "Kin ce mini munafuka."

"Na ce. Bakina ne ya yi, kuma ƙarya ne." Na raɗa mata abin da na gani. Ta saki kwanon ya faɗa ruwa, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Anti, har lokacin da nake kwaikwayon tafiyarsa?"

"Wannan ai gani ake yi, ba a ji."

Muka ƙyalƙyale da dariya, hawaye na zuba mana mu duka biyun.

Amma ni ban gama ba. Na san in na tunkare shi a waya zai ce kariya ce, Umma kuma ta ce ai so ne. Ina son abin da ba wanda zai iya yi wa kwaskwarima. Ran Lahadi da la'asar na shiga motar ni kaɗai, na rage rediyon, na kara wayata a kunne alhali ba kowa a layi. Na sassauta murya yadda ban taɓa yi wa namiji ba.

"Gobe ƙarfe biyar, bayan gidan man da ke kusa da filin ƙwallo. Ka zo kai kaɗai. Kar ka damu, ba ya gari, sai sati mai zuwa."

Ina gamawa na kulle motar na shiga gida. Ranar ko saƙo ɗaya bai turo ba.

Litinin ban kai motar gareji ba. Na taso daga makaranta na sa baƙar doguwar riga da farin mayafi, na ce wa Umma zan kai Baba a duba masa ido. Ya sa babbar rigarsa ta fita, ya zauna a gaba, sandarsa tsakanin ƙafafunsa. Na riga na faɗa masa shirin, don haka tun daga gida bai ko yi tari ba. Muka tsaya bayan gidan man biyar saura kwata, rediyo na ta surutunsa. Wata zuciyar tana cewa, Allah ya sa kar Manaja ya zo, Allah ya sa da gaske yana can.

Biyar da minti uku tasi ta tsaya a bayanmu. Ta madubi na gan shi ya fito. Fararen kayan nan, amma ba hula, wayarsa a ɗage yana ɗaukar bidiyo. Bai zo ta wajena ba. Ya nufi ɓangaren fasinja ya doki gilashin da ƙarfi.

"Buɗe! Fito in ga ko wane ne!"

Baba ya laluba maɓallin ya sauke gilashin a hankali.

"Ni ne. Sannu da dawowa daga tafiya."

Wayar ta kusa suɓuce masa. Ya durƙusa, ya miƙe, ya sake durƙusawa. "Baba… ina wuni… ni ai, wucewa na zo yi…"

Na fito na zagayo. "Wucewa da bidiyo? Yaushe ka dawo? Ko dai ba ka je ko ina ba?"

"Ki saurare ni. Saboda ɓarayin mota aka sa."

"Makirfon fa? Hirar ɓarayin kake son ji?"

Ya kalli masu shan mai da suka fara leƙowa. Na ga fuskar nan mai ladabi tana sauka, wata tana hawa.

"To na sa. Laifi ne mutum ya san wadda zai ajiye a gidansa? Kuma kafin ki ɗaga mini murya, ki je ki tambayi Yayanki. Shi ya ɗaura da hannunsa. Shi ya ce mini kina da taurin kai, sai an sa miki ido."

Na dafa motar.

"Injiniya," in ji Baba, "kashe masa motarsa. Ciro abin nan. Ba shi makullinsa."

Filayar na cikin jakata. Na cusa hannu ta ƙasa na datse siririyar wayar, na naɗe bakinta don kar ta sake ƙona masa fiyus, na jefa akwatin a jaka. Na ajiye makullin a kan motar.

"Rediyonka yana yi," na ce. "Kar ka sake aiko kowa gidanmu."

Na kama hannun Baba muka bi gefen titi. Manaja na kiranmu, ba wanda ya waiga. Da muka yi nisa na juyo na kalli Baba.

"Baba, ƙarya yake yi wa Yaya, ko?"

Ya girgiza kai.

"Ba ƙarya ba ne. Kin san yadda nake murɗa waya, sau biyar dama, a dawo da bakin baya. Mutum biyu na koya wa a duniya." Ya ƙara damƙe hannuna. "Na so a ce yatsuna ne suka tsufa."

Ban taɓa jin muryar Baba ta karye ba sai ranar.

Da muka shigo layinmu, babur ɗin Yaya na jingine a ƙofar gida, injinsa ko hucewa bai yi ba. Auta na tsaye a bakin ƙofa, mayafinta a karkace, tana ganinmu ta taho da gudu.

"Anti, kar ki shiga yanzu. Manaja ya kira Yaya. Yaya ya faɗa wa Umma wai an kama ki da wani a bayan gidan mai. Umma na ciki tana kuka, ta ce yau sai kin faɗi ko wane ne."

Baba ya saki hannuna. Ya gyara zaman babbar rigarsa a kafaɗa, ya miƙo mini tafinsa, na ɗora masa baƙin akwatin.

"Tana son ganin wanda aka kama ki da shi?" Ya buga sandarsa a dokin ƙofa. "Matsa mini, Auta. Ga shi nan ya zo."